Yadda Ma'aurata Za Su Gamsar da Hukumar Shige da Fice Cewa Aurensu na Gaskiya Ne

Jami'in da zai yanke hukunci a kan takardunku bai halarci ɗaurin aurenku ba, bai san iyayenku ba, mai yiwuwa ma bai taɓa taka ƙasar da aka yi bikin ba. Abin da ke gabansa shi ne fayil ɗinku, a cikin tarin wasu fayiloli da ke jiran hannunsa, waɗanda a cikinsu ba a rasa na mutanen da suka ƙulla aure don neman takardar zama kawai. Ma'auratan da suka auri juna tsakani da Allah sukan ji zafi idan aka ce su kawo hujjar cewa aurensu na gaskiya ne, kuma suna da hujjar jin zafin, domin ba wanda yake son ya baje sirrin gidansa a gaban baƙo. Sai dai a ƙasashen da suka fi karɓar buƙatar izinin zama na dindindin ta hanyar aure, doka ta ɗora nauyin kawo hujja a wuyan mai nema, kuma duk abin da bai shiga fayil ba, a wurin mai dubawa tamkar bai faru ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar takardar shaidar aure a matsayin ƙarshen magana. Tambayoyi biyu hukumomin shige da fice suke yi, kowace da amsarta daban. Ta farko, shin auren ya ɗauru bisa doka? Ta biyu, shin mutanen nan biyu sun yi shi ne da niyyar rayuwa tare a matsayin miji da mata? Takardar aure ta farkon kaɗai take amsawa, tunda wanda ya biya kuɗi aka yi masa auren bogi shi ma yana iya zuwa riƙe da takarda mai hatimi. Sashe na 4 na ƙa'idojin shige da fice na Kanada ya ce ba za a ɗauki mutum a matsayin abokin aure ba idan babban dalilin auren shi ne samun izinin zama, ko kuma idan auren ba na gaskiya ba ne, kuma ɗaya daga cikin biyun ya isa a ƙi buƙatar. Birtaniya tana so ta gamsu cewa dangantakar ta gaskiya ce, tana nan da ranta, kuma ma'auratan sun ƙudurta zama tare dindindin. Ostireliya kuwa ta fayyace fuskoki huɗu da jami'i zai duba: yadda ma'aurata suke tafiyar da harkar kuɗi, yadda suke gudanar da gida, yadda jama'a suka san su, da irin riƙon da suka yi wa juna. A ganina, ko wace ƙasa kuka nufa, waɗannan fuskoki huɗu su ne ma'aunin da ya fi dacewa ku auna fayil ɗinku da shi kafin ya bar hannunku.

Ku fara tabbatar da cewa auren ya ɗauru a idon dokar ƙasar

Ba ƙaramin takaici ba ne a tara hujjojin soyayya jibgi guda, sannan a ƙi buƙatar saboda ɗaurin auren kansa bai cika sharaɗi ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, auren da ya halatta a ƙasar da aka ɗaura shi yakan samu karɓuwa, muddin bai ci karo da dokar ƙasar da ake neman zama a cikinta ba. Saboda haka ku binciki wace takarda ce wannan ƙasa take karɓa daga inda kuka yi aure, domin auren da aka ɗaura a wurin ibada ko a gaban dattawa yana iya buƙatar rajista a wurin hukuma kafin a samu shaidar da ofishin jakadanci zai amince da ita.

Wuri na biyu da ake yin tuntuɓe shi ne auren da aka ɗaura ta hannun wakilai alhali ango ko amarya ba ya wurin. Tun daga watan Yunin 2015 Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta wakili, ko ta waya, ko ta intanet, idan ɗaya daga cikin ma'auratan bai halarta da kansa ba, in ban da wani sassauci da aka yi wa sojojin ƙasar. Dokar Amurka ba ta ɗaukar irin wannan aure a bakin komai sai an nuna cewa ma'auratan sun haɗu bayan ɗaurin auren sun yi zaman aure. Birtaniya ta shar'anta cewa lallai ma'auratan sun taɓa haɗuwa ido da ido, kuma kowannensu ya kai shekara 18. Idan naku auren a irin wannan yanayi aka ɗaura shi, ku nemi shawarar lauyan shige da fice tun kafin ku cike fom, domin gyaran ya fi sauƙi a wannan mataki.

Duk wanda ya taɓa aure a baya dole ne ya nuna yadda auren ya ƙare, da takardar saki da hukuma ta amince da ita ko takardar shaidar rasuwa, kuma kwanan watan da ke jikinta ya riga ranar sabon auren. Wannan ya kai mu ga batun auren mace fiye da ɗaya, wanda ba shi da amfani a yi ta kewaye-kewaye a kansa: Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura a lokacin da ɗaya daga cikin ma'auratan yake da wani auren a kansa, Amurka ma haka, Birtaniya kuma ba ta barin a shigo da mace fiye da ɗaya ta ƙofar aure. Ɓoye wani aure ko wasu 'ya'ya don a kauce wa wannan shinge laifi ne da ya fi matsalar asali girma.

Ku jera takardunku duka a kan tebur ku kwatanta rubutun sunaye da ranakun haihuwa harafi da harafi. Idan sunan da ke fasfo ya bambanta da na takardar aure ko da da harafi ɗaya ne, ku gyara a wurin da aka ba da takardar, ko ku haɗa da takardar rantsuwa da ke bayyana cewa mutum ɗaya ne. Duk takardar da ba a harshen hukumar take ba, a fassara ta gaba ɗayanta tare da shaidar mai fassarar. Amurka Ingilishi take so, Kanada kuma tana karɓar Ingilishi ko Faransanci.

Tarihin dangantakarku

Kafin ku taɓa kowane fom, ku zauna ku biyu, ko da ta waya ne, ku rubuta tarihinku a jere bisa kwanan wata: yaushe kuka fara jin labarin juna, wa ya haɗa ku, yaushe kuka fara magana, yaushe kuka fara ganin juna, yaushe aka sanar da iyaye, yaushe aka tsayar da rana, su wa suka halarci ɗaurin aure, sau nawa kuka ziyarci juna bayan nan. Kada ku dogara da ƙwaƙwalwa kaɗai. Ku buɗe fasfo ku duba hatimin shiga da fita, ku koma kan saƙon farko da ke wayarku, ku duba kwanan watan da ke jikin tikitin jirgi.

Wannan aiki shi ne ginshiƙin fayil ɗin gaba ɗaya, shi ya sa zan daɗe a kansa. A ɗauka miji ya rubuta a fom ɗinsa cewa sun haɗu a watan Maris na 2021, matar ta rubuta watan Yuni, alhali hatimin fasfonsa ya nuna cewa a watan Yulin shekarar ya fara shiga ƙasarta. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu: shi ranar da aka ba shi lambarta yake nufi, ita kuma ranar da suka fara magana ta bidiyo ta tuna, haɗuwar ido da ido kuwa sai a Yuli ta auku. Amma jami'in da ke karantawa ranaku uku mabambanta ya gani a kan tambaya ɗaya, kuma daga wannan lokaci da idon zargi zai karanta sauran shafukan. Da sun rubuta matakan uku a fili, kowanne da ranarsa, da abin da ya zama tufka da warwara ya zama hujja mai ƙarfi, domin haka dangantakar gaskiya take tafiya, mataki bayan mataki.

Daga wannan jadawali ne za ku cike takardun da ke tambayar tarihin dangantaka, kamar IMM 5532 na Kanada ko I-130 da I-130A na Amurka, kuma daga shi ne kowannenku zai rubuta bayaninsa. Kowa ya rubuta nasa da bakinsa. Bayanai biyu da suka zo kalma da kalma iri ɗaya suna nuna hannun mutum ɗaya ne ya rubuta su, haka kuma bayanin da aka kwafo daga intanet, cike da kalaman soyayya amma babu rana, babu wuri, babu sunan kowa, ba ya ƙara wa fayil komai. Jimla guda da ta ce matar ta kwana huɗu a asibiti tana jinyar mahaifiyar mijinta a watan kaza, tare da takardar sallama daga asibitin, ta fi shafi uku na yabon juna nauyi. Ku kuma kwatanta abin da kuke rubutawa yanzu da abin da kuka taɓa rubutawa a neman biza na baya, domin hukumomi suna ajiye tsofaffin takardu. Wanda ya rubuta cewa ba shi da aure a neman bizar ziyara bayan ranar da yanzu yake cewa an ɗaura masa aure, yana da bayanin da zai yi, kuma gara ya yi shi da kansa tun kafin a tambaye shi.

Hujjar da ta fi nauyi

Hujjoji ba darajarsu ɗaya ba. Wadda ta fi ƙarfi ita ce wadda wani na uku ya samar a cikin harkarsa ta yau da kullum, ba tare da ya san za a kai ta gaban hukumar shige da fice ba: banki, mai gidan haya, kamfanin wutar lantarki, ofishin haraji, kamfanin inshora, asibiti, makarantar yara, wurin aiki. Wadda kuka samar da hannunku, kamar hoto da wasiƙa, tana biye da ita a baya. Sannan hujjar da ta bazu a tsawon watanni da shekaru ta fi wadda ta taru a mako guda.

Idan kuna zaune tare, ku nemi takardun da suka haɗa sunayenku biyu da adireshi ɗaya: yarjejeniyar haya ko takardar mallakar gida, takardun biyan wuta da ruwa da intanet, lasisin tuƙi, wasiƙun hukuma, takardar haraji da ta nuna ku ma'aurata ne, inshorar lafiya ko ta mota da ta ƙunshi ku biyun, da takardar wurin aiki da ta ambaci ɗayanku a matsayin wanda za a kira idan wani abu ya faru ko wanda zai ci gajiyar fansho. Idan sunan mutum ɗaya ne a kan hayar gidan, wasiƙun da ke zuwa wa ɗayan a wannan adireshi suna cike giɓin. Takardar haihuwar ɗan da kuka haifa tare hujja ce babba, ko da yake ita kaɗai ba ta ɗauke muku sauran ba.

Batun asusun banki na haɗin gwiwa yana buƙatar a faɗi gaskiya a kansa. Jami'i ba buɗe asusun yake dubawa ba, motsin da ke cikinsa yake karantawa. Asusun da aka buɗe saura mako biyu a miƙa takardu, aka zuba kuɗi sau ɗaya aka bar shi kwance, yana iya jawo zargi maimakon ya kawar da shi. Bayanin asusun da ya nuna albashi yana shiga a ƙarshen wata, kuɗin haya yana fita, ana cirar ƙananan kuɗi na cefane da kantin magani da katin mutum biyu, shi ne yake ba da labarin gida mai rai. Idan kuma tsarin gidanku shi ne kowa da asusunsa, ba laifi ba ne, kuma bai kamata ku ƙirƙiri abin da ba ku saba ba. Ku nuna wa ke biyan me, ku nuna kuɗin da ke wucewa tsakaninku, ku yi bayanin tsarin a gajarce.

Ma'auratan da ke ƙasashe biyu ba su da yawancin waɗannan takardu, kuma hukumomi sun san da haka. Abin da ake nema a wurinsu shi ne shaidar cewa nisa bai yanke dangantakar ba. Ziyara ita ce kan gaba, don haka kada ku jefar da guntun katin shiga jirgi, ko rasit ɗin masauki mai sunayenku, kuma ku ɗauki hoton kowane shafi na fasfo mai hatimi, har da na tsohon fasfon da ya ƙare. Sai rasit na kuɗin da ake aikawa, da tarihin kiran waya, da shaidar shirin da kuke yi na zama tare, kamar neman gidan da zai ishe ku ko binciken makarantar yara. Idan an shekara biyu ba ziyara, ku faɗi dalili ku kawo shaidarsa, ko an hana biza ne, ko rashin hutu a wurin aiki, ko jinya, ko ƙarancin kuɗi. Giɓin da aka bari babu bayani, jami'i da zatonsa zai cike shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ranar da kuka san za ku nemi wannan izini, ku ware jaka guda da wuri guda a kwamfuta, duk wata ku jefa abin da ya samu a ciki.

Hotuna, saƙonni da shaidun jama'a

Hotuna ɗari uku na ranar biki ɗaya abu ɗaya suke tabbatarwa, wato an yi biki. Jerin buƙatun Kanada ma ya iyakance hotuna zuwa 20, wanda ke nuna cewa zaɓi ake so. Ku zaɓi waɗanda suka ratsa lokuta da wurare daban-daban, musamman waɗanda kuke tare da iyaye, 'yan'uwa da abokai na ɓangarorin biyu, domin auren da dangi suka sani ya fi wuyar ƙirƙira. A ƙarƙashin kowane hoto ku rubuta rana, wuri, da su wane ne a ciki, misali cewa wadda ke tsaye a dama yayar miji ce. Kada ku yi wa hoto kwaskwarimar da za ta sauya abin da ya faru.

Haka abin yake ga saƙonnin WhatsApp da makamantansu. Ku tsamo kaɗan daga kowane wata, waɗanda suna ko lamba da kwanan wata suka fito a jikinsu, ku fassara su idan ana buƙata. Hirar yau da kullum, ta ciwon kan da ya hana barci, da kuɗin makarantar ƙane, har da ɗan saɓanin da aka yi aka shirya, ta fi gaisuwar safe da ake maimaitawa kullum nuna rayuwa. Abin da ya shafi sirrin shimfiɗa ku bar shi a wurinku, ba a buƙatarsa. Ku kuma leƙa shafukanku na Facebook da sauransu, domin shafin da har yanzu yake cewa mutum ba shi da aure yana iya saɓa wa fayil ɗinsa.

Wasiƙun shaidu su fito daga mutanen da suka san ku da gaske, kowa ya faɗi ko shi wane ne, yadda ya san ku, da abin da ya gani da idonsa, ya sa hannu ya ba da hanyar da za a same shi. Ostireliya tana da fom na musamman don wannan, mai lamba 888. Wasiƙa biyu ko uku masu ɗauke da bayani takamaimai sun wadatar.

Abubuwan da ke tayar da zargi

Akwai yanayin da yakan sa jami'i ya ƙara buɗe ido: tazarar shekaru mai yawa, aure jim kaɗan bayan haɗuwa, aure a daidai lokacin da bizar ɗayan take gab da ƙarewa ko bayan an ƙi ba shi mafaka, rashin harshe ɗaya da ma'auratan za su yi magana da shi, bikin da babu dangi a wurin, ko mai ɗaukar nauyi, wato wanda ke zaune a ƙasar yake nema wa abokin aurensa izinin zama, da ya taɓa kawo wani abokin aure suka rabu da wuri. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya haramta, kuma aure na gaskiya da yawa yana ɗauke da ɗaya ko biyu daga ciki. Abin da ke cutarwa shi ne a yi shiru a kansu da fatan ba za a lura ba. Za a lura. Ku rubuta gajeren bayani a kan kowanne, cikin natsuwa, ku haɗa da shaida. Idan mahaifin amarya bai halarci biki ba saboda yana kwance a asibiti, ku faɗa, ku nuna. Idan kuwa bai halarta ba ne saboda bai amince da auren ba, wannan ma ku faɗa, domin gaskiya mai ɗaci ta fi labarin da zai warware a gaban tambaya.

Auren da iyaye ko dangi suka haɗa ya cancanci a yi masa magana ta musamman, domin masu irin wannan aure sukan ji tsoro har su ƙirƙiro labarin soyayyar da ba a yi ba. Wannan kuskure ne babba. Hukumomin waɗannan ƙasashe sun san auren haɗi, kuma suna bambanta shi da auren dole, wanda shi ne ba su yarda da shi ba. Abin da za ku nuna shi ne yadda iyalan biyu suka san juna, wa ya fara kawo maganar, matakan da aka bi, cewa kowannenku ya amince da yardar kansa, da yadda shaƙuwa ta ginu bayan aure. Kada ku ɗauka jami'in ya san yadda ake aure a wurinku. Ku yi masa bayani kamar yadda za ku yi wa baƙon da yake son ya fahimta.

Ranar ganawa

Ba kowa ake kira ganawa ba a wasu ƙasashen, amma ku shirya kamar za a kira ku. Ku sake karanta duk abin da kuka miƙa, ku tafi da takardun asali, da sababbin hujjojin da suka taru tun bayan miƙawa. Idan harshen bai zauna muku ba, ku bincika ƙa'idar tafinta tun da wuri, domin amsa tambayar da ba a fahimta ba ita ce hanya mafi sauri ta yin baki biyu.

Idan jami'i ya yi shakka, a Amurka musamman, akan raba ma'aurata a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya sannan a kwatanta amsoshin. Tambayoyin na ƙananan abubuwa ne: wa ke riga tashi da safe, tagogi nawa ne a ɗakin kwana, ina kuka je a ƙarshen makon da ya wuce, mene ne sunan ƙanwar matarka, ƙarfe nawa mijinki yake dawowa daga aiki. Wanda yake rayuwa da mutum ya san yawancin waɗannan ba tare da hadda ba, kuma haddar ma illa take yi, domin amsar da aka haddace tana da wani sauti da ƙwararren jami'i yake ganewa. Idan ba ku tuna ba, ku ce ba ku tuna ba. Mijin da ya ce ya manta launin labulen falo bai yi asarar komai ba, amma wanda ya yi cinke ya ce shuɗi alhali matarsa ta ce ja ya haifar da saɓanin da za a rubuta a fayil. Idan kun lura da kuskure a fom ɗinku, ku ambata shi da kanku a farkon zama.

Wani lokaci maimakon hukunci sai wasiƙa ta zo tana neman ƙarin hujja ko tana bayyana damuwar jami'i. Wannan dama ce, kuma tana da wa'adi. Ku amsa kowane batu da aka ɗaga ɗaya bayan ɗaya, kafin ranar da aka gindaya, kuma a wannan mataki kuɗin lauya ba asara ba ne. A Kanada, idan an ƙi buƙatar da aka miƙa ta tsarin masu nema daga waje, mai ɗaukar nauyi yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara a sashen ɗaukaka ƙara na shige da fice, damar da masu bin tsarin cikin gida, wato waɗanda suka nema suna zaune tare a cikin Kanada, ba su da ita, don haka zaɓin tsarin ma abin tunani ne tun farko.

Farashin ƙarya

Za ku haɗu da masu cewa za su haɗa muku takardar haya, ko su gyara kwanan wata, ko su rubuta muku labari mai daɗi. Ku guje su, ko da aurenku na gaskiya ne kuma takarda ɗaya ce kawai ta gagara. Sa hannunku ne a kan fom ɗin, kuma ku za a kama da abin da ke ciki. A Kanada ba da bayanin ƙarya yana jawo haramcin shekara 5. A Amurka hukuncin auren bogi yana kai wa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000, kuma wanda aka tabbatar ya yi shi ba za a sake amincewa da wata buƙatar ɗaukar nauyinsa ba, ko da daga baya ya yi aure na gaskiya. Takardar jabu guda ɗaya tana shafa wa sahihai hamsin da ke kusa da ita baƙin fenti. Idan za ku biya wani ya taimaka muku, ku tabbata lauya ne ko mai ba da shawara da ke da rajista a ƙasar da kuke nema, kuma ku karanta kowane shafi kafin ku sa hannu.

Bayan an miƙa takardu

Aikin bai ƙare da miƙawa ba, domin a ƙasashe da dama sau biyu ake auna auren. Tun bayan wata dokar hana auren bogi da ta kafa a 1986, Amurka tana ba wanda aurensa bai kai shekara 2 ba katin zama mai sharaɗi na shekara 2, kuma a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare ma'auratan za su miƙa fom I-751 tare da hujjar rayuwar da suka yi a tsakani. A Ostireliya akan fara ba da izinin wucin gadi, sannan a duba matakin izinin dindindin bayan shekara 2 da miƙa buƙatar farko. A Birtaniya hanyar takan ɗauki shekara 5, da sabuntawa a tsakiya, kuma a kowane zango sai an sake nuna cewa ana tare. Kanada ta soke sharaɗin zaman tare a 2017, amma mai ɗaukar nauyi yana ɗauke da alhakin abokin aurensa na shekara 3 ko da sun rabu. Saboda haka jakar nan da kuka ware ta ci gaba da cika, kuma duk sauyin da ya faru, haihuwa ce, ko sauya gida, ko rabuwa, ku sanar da hukuma a kan lokaci. Ƙa'idoji da kuɗaɗe suna sauyawa, don haka ku duba shafin hukumar kanta a makon da za ku miƙa.

Aure na gaskiya ma yakan mutu, kuma dokokin sun san da haka. A Amurka wanda ya shiga aure da zuciya ɗaya sannan aka rabu, ko abokin aurensa ya rasu, ko aka ci zarafinsa, yana iya neman cire sharaɗin shi kaɗai. Birtaniya da Ostireliya su ma suna da tanadi ga wanda dangantakarsa ta rushe saboda cin zarafi a cikin gida. Ina jaddada wannan ne domin akwai waɗanda ake riƙe su cikin duka da wulaƙanci da barazanar cewa za a sa a kore su daga ƙasar, alhali doka ta buɗe musu ƙofa. A irin wannan hali hujjar cewa auren da gaskiya aka fara shi ita ce abin da za a nema, shi ya sa ya wajaba kowane ɗaya daga cikin ma'auratan ya riƙe fasfonsa a hannunsa, ya kuma ajiye nasa kwafin fayil ɗin gaba ɗaya, da lambar buƙatar, a wurin da shi kaɗai yake iya kaiwa gare shi.